Tsakanin diga da rana: yadda ake fitar da gini daga ƙasa a bazarar Maraɗi

Daga wakilinmu a Maraɗi

Ana sallame sallar asuba aikin ya fara. A wani fili da ke bayan unguwar Ali Ɗan Sofo, inda gari ke ta cinye gonaki, matasa shida sun riga sun shiga ramin harsashi da diga da shebur. An kafa turaku, an ja igiya, an zana wurin ɗakuna da toka. Babu mai yawan magana. Kowa ya san abin da ba a gama ba kafin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, sai an sha wuya ninki biyu kafin a gama shi.

Mai gidan yana Aljeriya, shekararsa ta huɗu ke nan yana tara kuɗi. Ƙanensa ne ke tsaye a kan aikin da waya a hannu, yana ɗaukar bidiyo yana turawa ta WhatsApp. Amsar da ke dawowa kullum iri ɗaya ce: a yi sauri a fito da ginin daga ƙasa kafin ruwa ya sauka.

Irin wannan fili ba ya ƙirguwa a gefen Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai a watannin Maris, Afrilu da Mayu. A lokacin ne ake haƙa harsashi, ramin salga, magudanar ruwa da layin famfo, ake ciko, ake daɓe, ake zuba kankare. A lokacin ne kuma zafi ke wuce digiri 40 kusan kullum, wasu ranaku ya doshi 45, kuma wannan awon inuwa ne. Wanda ke cikin rami, inda iska ba ta ratsawa, abin da yake ji ya fi haka. Zafin yana taɓa abu uku a lokaci guda: jikin ma'aikaci, injin da aka ɗauko haya, da shi kansa ginin da ake kashe wa kuɗi.

Me ya sa sai a bazara?

Magina ba don son rana suke zaɓar wannan lokaci ba. Da damina rami cika yake da ruwa, gefensa ya rufta, motar yashi ta kafe a hanya. Ma'aikatan ma ba a samunsu, domin mafi yawan masu riƙe diga a birni ƴan ci-rani ne daga ƙauyuka. Da zarar an yi ruwan shuka sai su ajiye shebur su koma gona. Shi ya sa duk mai gini ke tsere da hadari, kuma tseren ya fi zafi daga tsakiyar Afrilu.

Ambaliyar 2024 ta ƙara yawan aikin. A daminar shekarar sama da mutum 300 suka rasu a faɗin ƙasa, jihar Maraɗi na cikin waɗanda abin ya fi shafa, a Damagaram kuwa tsohon masallacin Birni ya rushe a farkon watan Satumba. Dubban iyalai da gidajensu na ƙasa suka faɗi sun ƙudurta cewa ko harsashi kaɗai ne sai sun yi da siminti. A watan Oktoba na shekarar gwamnati ta rage farashin siminti, abin da ya ba mutane da dama ƙarfin gwiwar farawa. Sai dai buhun siminti, ko daga Malbaza ya fito ko daga waje, ba ya yin gini shi kaɗai. Yadda aka sarrafa shi cikin zafi shi ne ke nuna ko kuɗin ya tsaya a gini ko ya bi iska.

Kowace ƙasa da halinta

Mai haƙa a Maraɗi da mai haƙa a Damagaram ba aiki ɗaya suke yi ba. A saman tudun Maraɗi rairayi ne, shebur na shiga ba gardama. Sauƙin nan shi ne haɗarinsa, domin busasshen rairayi ba ya riƙe kansa. Rami zai yi kamar ya tsaya daram, sai mota ta wuce kusa ko wani ya taka bakinsa, gefe guda ya zubo gaba ɗaya. Ƙasar da ta cika mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi tana kai nauyin tan ɗaya da rabi. Idan ta rufe mutum zuwa ƙirji, numfashi ma gagararsa yake, ko da kansa na waje.

Wani dattijon magini da muka tarar a filin, wanda ya ce ya fara aikin tun yana ɗaukar kwano a ka, ya shaida mana cewa ƙa'idarsa ba ta canzawa. Idan rami ya kai ƙirjin mutum, ko dai a buɗe bakinsa ya yi gangare, ko a tokare gefensa da katako. Ƙasar da aka fitar a zuba ta nesa da baki, aƙalla taku ɗaya. Kuma ba ya yarda mutum ya shiga ramin salga shi kaɗai babu wani a sama yana kallonsa. Ya ce ramin da ya fi ba shi tsoro shi ne sabon da ake haƙawa kusa da tsohuwar salga, domin bangon da ke tsakaninsu yana iya ɓallewa, ga kuma iskar da ke taruwa a ƙasan rami wadda ke sumar da mutum kafin ya ankara.

A gangaren Gulbi kuwa laka ce. Da rani takan bushe ta tsattsage, ta yi tauri har diga na tsalle a kanta. Mai gida sai ya ɗauka ya samu ƙasa mai ƙarfi. Idan damina ta zo ta sha ruwa sai ta kumbura, rani ya dawo ta sake tsukewa, bango yana biye da ita har ya tsage. Harsashi a irin wannan wuri yana son zurfi da ƙarfe isasshe, komai taurin da ƙasar ta nuna a Afrilu.

Damagaram a kan dutse take zaune. A wasu unguwanni ana haƙa kaɗan sai a ci karo da fa, aikin kwana biyu ya koma na mako, sai an kawo guduma da matsoni ko injin fasa dutse. A Tawa da sassan Yamai marmara ce ke cinye bakin diga. Shi ya sa ƙwararren ma'aikaci ba ya yanke kuɗin rami ta waya. Sai ya zo ya sara ya gani.

Ruwa ya fi siminti wuyar samu

Kuskuren da ya fi yawa a bazara ido ba ya ganinsa ranar da aka yi shi. Mutane da yawa sun ɗauka kankare, wanda magina a nan ke kira beto, bushewa yake yi ya yi ƙarfi, don haka rana taimakonsa take. Gaskiyar ita ce siminti da ruwa yake haɗuwa ya ƙanƙare, kuma haɗuwar tana ɗaukar kwanaki. Injiniyoyi sai a kwana na 28 suke auna cikakken ƙarfinsa. Idan rana da busasshiyar iska suka zuƙe ruwan a awannin farko, aikin ya tsaya a rabi. Sama zai yi ƙananan tsagu kamar bayan kunkuru, ciki ya zama gari-gari.

Lissafin da aka saba da shi ga ginshiƙi da duk kankaren da ke ɗauke da ƙarfe shi ne kilo 350 na siminti a mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi, wato buhu bakwai masu kilo 50. Ruwan kwaɓi kuwa wajen lita 25 ne ga kowane buhu, kimanin bido ɗaya. A cikin zafi kwaɓin yakan fara tauri da wuri, ya yi wuyar juyawa, sai lebura ya ƙara ruwa don ya samu sauƙi. Wannan ƙarin ruwan ne ke rage ƙarfin ginin. Dabarar da magina masu lura ke bi ita ce su kwaɓa kaɗan-kaɗan, su zuba da asuba ko bayan la'asar, su yayyafa wa tsakuwa da katakon zubi ruwa tukuna, su ajiye siminti da ruwan kwaɓi a inuwa. Bulo ma sai an jiƙa shi kafin a ɗora, in ba haka ba shi zai shanye ruwan kwaɓin da aka sa a tsakaninsa.

Bayan zubi sai ban ruwa, aƙalla kwana bakwai, safe da yamma, in da hali har da rana. Wasu na rufewa da jiƙaƙƙen buhun algarara, wasu da leda, wasu su baza yashi su jiƙa shi. A nan ne rigima ke tashi, domin ruwan saye ake yi. A sababbin unguwanni famfo bai iso ba, sai ƴan garuwa da masu amalanke, kuma bazara ce lokacin da ruwa ya fi tsada. A Damagaram, inda ake jawo ruwan gari daga wurare irin su Gogo da Aroungouza, akwai ranakun da na sha ma sai an bi layi. Mai tsaron aiki da aka ba kuɗin ruwa a dunƙule yakan ga babu laifi idan ya yi ban ruwa kwana biyu ya bari. Babu mai ganewa a bidiyo.

Haka abin yake wajen ciko. Busasshiyar ƙasa ba ta daɓuwa, ko da wane inji aka hau kanta. Iyayenmu mata da ke daɓen ɗaki da maɗaɓi sun san haka tun da daɗewa, shi ya sa suke yayyafa ruwa suna bugu. Ƙa'idar ita ce a zuba ƙasa taƙi ɗaya, santimita 15 zuwa 20, a jiƙa, a daɓe, sannan a ƙara wani. Gwajin a hannu yake: a dunƙula ƙasar, idan ta riƙe ba ta ɗiga ruwa ba, ta yi daidai, idan ta warwatse, da sauranta. Wanda ya juye tifa guda a ɗaki ya baje, ya bi samansa da inji sau biyu, ya zuba siminti, damina ta farko za ta tona shi. Daɓen zai lotsa, tayil ya farfashe, wani lokaci ruwa ya samu hanya zuwa ƙarƙashin bango.

Inji ma yana jin rana

Manyan motocin haƙa na kamfanonin hanya ne. Abin da ake gani a ginin talaka ƙananan injuna ne da ake haya da yini: injin kwaɓa kankare da ake kira betoniya, injin girgiza kankare, injin daɓe, injin fasa dutse, injin jan ruwa, da janareta na mai walda. Yawancinsu na hannu ne, sun sha aiki a wata ƙasa kafin su iso. Sana'a ce da matasa da dama suka shiga, wasu da kuɗin da suka dawo da shi daga Libiya ko Abidjan.

Wani matashi mai ba da hayar betoniya da injin daɓe ya bayyana mana cewa ƙura ta fi zafi kashe masa inji. Matatar iska takan toshe cikin yini ɗaya, inji ya fara baƙin hayaƙi, ƙarfinsa ya ragu, ya riƙa shan mai. Yaran aiki idan suka ga haka sai su cire matatar gaba ɗaya don inji ya numfasa, yashi ya shiga ciki ya cinye shi cikin ƴan makonni. Shi ya sa yanzu ba ya sakin injinsa sai da yaronsa. Kowace safiya yaron zai kakkaɓe matata, ya duba baƙin mai, ya share ƙurar da ta liƙe a jikin injin, domin yawancin ƙananan injunan nan iska ce ke sanyaya su. Da rana ta take sai a kashe, a yi masa rumfa da zana ko tsohon tanti.

Akwai haɗarin da ya fi lalacewar inji. Zuba mai a injin da bai huce ba yana tayar da gobara. Bidon fetur da aka bari a rana yakan kumbura, a buɗe shi ya feso. Buɗe murfin ruwan mota ko na inji yana tafasa ya ƙona fuskoki da yawa. Man kwalba da ake saye a bakin hanya wurin ƴan ruwa-ruwa wani lokaci yana zuwa da datti, don haka masu lura sukan tace shi da ƙyalle kafin su zuba. Sannan kafin a sa diga ko inji a bakin titi, ya kamata a tambayi maƙwabta inda bututun ruwa da wayar wuta suka bi. Fasa bututu a watan Afrilu yana nufin unguwa guda ta kwana babu ruwa.

Jikin da ke cikin rami

Wajen ƙarfe goma sha biyu da rabi, ɗaya daga cikin matasan shida ya fito daga ramin, ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Abokansa suka yi masa tsiya cewa tuwon jiya ne ya ƙare. Dattijon magini bai yi dariya ba. Ya sa aka kai shi ƙarƙashin bedi, aka cire masa riga, aka zuba masa ruwa a ka da wuya, aka ba shi ya sha kaɗan-kaɗan. Kwanansa uku da zuwa daga ƙauye, kuma ya fara da yini cikakke.

Abin da ya same shi somin-taɓi ne. Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, murɗawar nama da gumi mai yawa. Idan aka ci gaba da aiki, zafin jiki na iya haura digiri 40, mutum ya fara magana ba kan gado, ya rikice, ya yi jijjiga ko ya suma. Wannan matakin kisa yake yi cikin ɗan lokaci. Abin yi shi ne a kai shi inuwa nan take, a jiƙa jikinsa duka, a yi ta fifita, a nufi likita mafi kusa ko a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa a baki.

Shawarar masana lafiyar ma'aikata ita ce mai aikin ƙarfi a zafi ya sha kamar kofi ɗaya na ruwa duk minti 15 zuwa 20, tun ƙishi bai kama shi ba. Fitsari ne ma'auni: idan ya yi ja ko ya ƙaranta, jiki na bin bashin ruwa, kuma bashin da ake maimaitawa kullum ƙoda ce ke biyansa. Sabon zuwa yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin jikinsa ya saba. Kunu, fura da ruwan gishiri da sukari suna mayar da abin da gumi ya fitar. Abin da ba ya taimako shi ne ƙwayar tiramol da wasu ke haɗiya da shayi ko kofi don su jure. Ɓoye gajiya take yi, mutum ya wuce iyakar jikinsa bai sani ba, ga ta da jawo jijjiga. Ƙurar siminti da ta dutse kuma suna taruwa a huhu, jiƙaƙƙen siminti yana cin fatar hannu da ƙafa, amma da wuya ka ga lebura da safar hannu ko takalmin roba. Silifa ne, wani ma ƙafa tsirara.

Zafin kuma ƙaruwa yake. A ranar 3 ga Afrilu 2024 an auna digiri 48.5 a birnin Kayes na Mali, cikin wani zafi da ya mamaye Sahel ana tsakiyar azumi. A shekarar ce Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, OIT, ta ce ma'aikata sama da miliyar 2.4 ne ke fuskantar matsanancin zafi a wurin aiki, kuma kusan 19,000 ke mutuwa duk shekara a dalilinsa.

Wa ke da alhaki?

Ƴan uwanmu da ke aikin gini a ƙasashen Larabawa sun san dokar hutun rana. A Saudiyya an hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. A Katar hanin ya fi tsawo, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 da rabi, tun daga 1 ga Yuni. A nan gida, dokar ƙwadago ta 2012 ta ɗora wa mai ba da aiki alhakin kare rai da lafiyar ma'aikacinsa, asusun CNSS kuma yana kula da wanda ya yi haɗari a bakin aiki idan an yi masa rajista. Sai dai mai haƙa ramin salga a bayan gari ba shi da takarda, ba shi da rajista. Da baki aka yi ciniki a bakin titi. Idan ya faɗi, abokan aikinsa ne za su haɗa kuɗin magani.

Yadda ake cinikin ma yana tura shi cikin rana. Wanda aka yi jinga da shi a kan rami guda, duk awar da ya huta daga aljihunsa ta fita. Wanda ake biya da yini kuwa, mai aiki na ganin hutun rana cuta ce. Maganin da wasu magina suka samo shi ne raba yinin biyu: daga asuba zuwa sha ɗaya, sannan daga la'asar zuwa magariba. Dattijon da muka zanta da shi ya ce bai taɓa ganin aikin ya ragu saboda haka ba, domin abin da mutum ke haƙawa da tsakar rana bai taka kara ya karya ba.

Ga mai turo kuɗi daga nesa

Wanda ke Tamanrasset, Tripoli, Legas ko Kumasi ba zai iya tsayawa a kan gininsa ba, amma yana da ta cewa fiye da yadda yake zato. Ya ware kuɗin ruwa daban da na siminti, ya nemi a riƙa turo masa hoton ban ruwa har kwana bakwai, kamar yadda ake turo na ranar zubi. Ya nemi ganin zurfin rami da ma'auni a ciki kafin a rufe. Ya tambayi sau nawa aka daɓe cikon. Ya sa a ajiye randa ko tulu a inuwa domin ma'aikata, a kafa ƴar rumfa, ya kuma faɗa wa wakilinsa da bakinsa cewa ya yarda a tsaya da rana. Idan kuɗin bai kai a yi komai yadda ya kamata a bana ba, gara a tsaya a harsashi mai kyau a jira baɗi. Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa, kuma gyaran bangon da ya tsage daga tushe ya fi ginin farko tsada.

Da muka koma filin bayan la'asar, matashin da jiri ya ɗiba yana nan, amma an hana shi shiga rami. An ba shi tiyo da bokiti yana jiƙa bulo. Ƙanen mai gida ya yi waya da yayansa, sun daidaita cewa zubin ginshiƙai sai jibi da asuba, kuma an ƙara kuɗin amalanke biyu na ruwa. Can gabas sama ta ɗan yi duhu, iska ta taso da ƙura, duk suka ɗaga kai suna kallo. Ba a yi ko ɗigo ba. Dattijon ya sa aka jawo leda aka rufe buhunan siminti, aka danne da bulo, sannan suka koma cikin ramin.